Ƙurar Ɗaki da Baƙin da Ke Cikinta

Manomi ya dawo daga gona da la'asar, ya jingine fartanya a zaure, ya karkaɗe ƙafa ya shiga gida. Yara sun yini suna shiga suna fita. Akuya ta leƙo ɗaki an kore ta. Da gari ya waye uwargida ta ɗauki tsintsiya ta yi shara, ta kwashe abin da ta tara ta kai juji, ba wanda ya sake tunawa da shi. To, irin wannan sharar da a ke zubarwa ita ce waɗansu masana a Turai da Amurka su ke bi gida gida suna roƙo, su kai ɗakin bincike, su auna ta da ma'aunin da ya fi na masu sayar da zinariya. Ba wasa su ke yi ba. Abin da su ke nema a ciki ya shafi numfashin yara, asalinsa kuwa daga ƙasar gona ya ke.

Ƙurar ɗaki haɗin gambiza ce. Akwai zare-zaren tufafi a ciki, da ɓawon fatar mutane da ke zuba ba su sani ba, da gashi, da toka, da ɓarɓashin abinci. Amma a 2009 waɗansu malamai biyu na Jami'ar Arizona ta Amurka suka yi lissafi, suka ga kimanin kashi 60 cikin 100 na ƙurar gida daga waje ta ke shigowa, wata a tafin takalmi, wata a iska. Wannan lissafi na gidajen can ne, masu tagogin gilashi da ƙofofin da ke yini a rufe. Gidan da tsakar gidansa ƙasa ce kuwa, ba sai an yi masa lissafi ba. Ita ƙasa kuma ba ta shigowa ita kaɗai, da mazaunanta ta ke tafe.

Mazaunan nan su ne ƙananan halittun da a ke kira bakteriya. Ido ba ya ganinsu. In aka jera guda 1,000 a layi, da kyar za su cika milimita ɗaya, watau ba su kai faɗin ƙwayar gero ba. Wanda ya fara ganinsu ma ba likita ba ne, wani mai sayar da yadi ne a garin Delft na ƙasar Holan, Antoni van Leeuwenhoek, wanda ya ƙware wajen gyaran gilashin ƙara girman abu. A 1676 ya rubuta wa masanan Landan labarin 'yan halittun da ya gani suna yawo cikin ɗigon ruwa. A cikin giram ɗaya na ƙasa mai kyau, watau abin da mutum zai ɗiba da yatsu uku, a kan sami bakteriya har miliyan 1,000, wani lokaci ma fiye.

Da ya ke galibi a bakin ma'aikatan asibiti a ke jin sunansu, mutane sun ɗauka dukansu ƙwayoyin cuta ne. Ba haka ba ne. Masu sa cuta 'yan kaɗan ne. Mafi yawansu 'yan ƙodagon manomi ne waɗanda ba ya biya ko anini: su ke ruɓar da kara da kashin shanu su zama taki. Duk wanda ya taɓa tuge gyaɗa ko wake ya duba saiwar, ya ga 'yan ƙurajen nan da ke jikinta. Bakteriya ne ke zaune a cikinsu suna kamo naitirojin daga iska suna ba shuka, watau abin nan da a ke sayen buhun yuriya dominsa. Shi ya sa dawa ta kan yi kyau a inda aka yi gyaɗa bara.

Akwai kuma wani dangi nasu da za a sha jin sunansa a labarin nan, shi ne Streptomyces. Kowa a ƙasar Hausa ya san ƙamshinsa ko da bai san sunansa ba. Ƙamshin nan da ƙasa ke yi ran da ruwan farko ya sauka, mai sa manomi ya tashi neman iri, yawancinsa daga wani abu ne da wannan dangi ke fitarwa, wanda masanan Jami'ar Rutgers ta Amurka suka ware a 1965 suka sa masa suna jiyosmin. A wannan jami'ar ce kuma, a 1943, wani ɗalibi mai suna Albert Schatz, a ƙarƙashin malaminsa Selman Waksman, ya samo sitireftomaisin daga wani ɗan wannan dangi, maganin farko da ya ci ƙarfin tarin fuka. Streptomyces ya kan yi zare-zare cikin ƙasa kamar funfuna, in fari ya zo sai ya zuba iri masu jure bushewa, iska ta kwashe. Saboda haka shiga ɗaki ba ya yi masa wuya.

Ƙirga ta hanyar shuka

Tun zamanin Robert Koch na Jamus, a shekarun 1880, hanyar ƙirga bakteriya ita ce a shuka su. Manomin da ya taɓa gwajin iri zai gane ta nan da nan: a kan ƙirga ƙwaya 100 a sa a jiƙaƙƙen buhu, bayan 'yan kwanaki a ga nawa suka tsiro. Haka masana ke yi. Su kan dama ƙura a ruwa mai tsabta, su shafa kaɗan a faranti mai wani kunu daskararre da a ke yi da ciyawar teku, su rufe su ajiye a wuri mai ɗumi. Duk ƙwayar da ta sami abincin da ta ke so sai ta hayayyafa har ta zama ɗigon da ido ke gani. A ƙirga ɗigo-ɗigon nan, shi ke nan an sami adadi. Shi Streptomyces mai nawa ne wajen tsiro, sai a yi mako biyu ana jiransa, kafin nan kuwa masu saurin tsiro sun mamaye farantin kamar yadda ciyawa ke danne shukar da ba a yi wa noma ba.

Amma babban aibin hanyar ba jira ba ne. Masana sun daɗe da lura in suka duba ƙasa a madubin likita suna ganin bakteriya tuli, in suka shuka sai kaɗan su fito. Sau da yawa ko ɗaya cikin 100 ba ya tsirowa. Sauran ba matattu ba ne duka, kunun faranti ne bai karɓe su ba. Wani sai da maƙwabcinsa ya ke rayuwa, wani ba ya son iska, wani abincin ne ya yi masa yawa. Ashe shekara da shekaru abin da a ke ƙirgawa kamar mai ƙidayar gari ne wanda ya tsaya bakin kasuwa ya rubuta waɗanda suka amsa sallamarsa kaɗai. A 1990 wata masaniya a Jami'ar Bergen ta ƙasar Norwe, Vigdis Torsvik, da abokan aikinta, suka bar shuka suka ciro zaren gado kai tsaye daga ƙasar daji, suka kimanta iri-irin bakteriya wajen 4,000 a cikin giram ɗaya.

Yadda a ke karanta zaren gado

Kowane mai rai, daga giwa har bakteriya, yana ɗauke da wani zare siriri ƙwarai a jikinsa, wanda a kansa kamanninsa da halinsa su ke rubuce, shi ne kuma 'ya'ya ke gada. Masana sun taƙaita sunansa da DNA. Rubutun da haruffa huɗu kaɗai a ke yinsa, A da C da G da T, jerinsu ne ke bambanta gero da dawa. A 1953 aka gane cewa zaren tufka biyu ne kamar igiya, kowane sili abokin ɗaya ne, in an san jerin wannan an san na wancan.

Cikin rubutun akwai wani layi mai haruffa kimanin 1,500 wanda kowace bakteriya ke da shi, ana kiransa 16S. Waɗansu wurare a layin iri ɗaya ne ga kowa, waɗansu kuwa sun bambanta daga dangi zuwa dangi. Kamar tsagar fuska ce a zamanin da: kowa da fuskarsa, amma da ganin zane an san Bagobiri, an san Bakabe. Carl Woese na Jami'ar Illinois shi ne ya nuna a 1977 cewa da wannan layi za a iya tsara dangantakar ƙananan halittu. Tun da haka ne, ba sai ƙwaya ta yarda ta tsiro ba, tsagarta kawai a ke so a gani.

Aikin daga ɗibar ƙura ya ke farawa. A kan zo da injin shara mai zuƙa, a auna wani fili a daɓen ɗaki ko a kan katifa, a zuƙe shi na 'yan mintoci ƙayyadaddu, don abin da aka samu a wannan gida ya gwadu da na wancan. Waɗansu kuma wani ƙyalle su ke shimfiɗawa a bisa kanta, su bar shi mako biyu ƙurar iska ta sauka a kai. Sai a tankaɗe da rariya mai laushi a fid da gashi da tsakuwa, a auna 'yan miligiram a zuba a 'yar kwalba.

Daga nan sai sussuka. A kan zuba 'yan mitsi-mitsin duwatsun gilashi a kwalbar, a sa a wani inji mai girgiza da tsananin ƙarfi har ɓawon bakteriyan ya farfashe zaren ya fito. A nan a ke gane gwani. Irin Streptomyces ɓawonsa da tauri, in ba a sussuke shi sosai ba sai ya tsira da zarensa a ciki, lissafi ya fito da giɓi. In kuma aka wuce gona da iri, zaren masu laushin ɓawo ya tsintsinke. Bayan sussuka sai sheƙa, watau a wanke zaren a raba shi da datti. Baƙin ruwan nan da ke fita daga ruɓaɓɓen taki shi ne babban abokin gaba, don in ya bi zaren ya kan hana matakin gaba tafiya. Ke nan ƙurar da ta fi yawan ƙasar gona ita ce ta fi iya ruɗin inji ya ce babu kome a ciki.

Zaren da aka samu bai kai a gan shi ba, sai an ninka shi. Dabarar ninkawar, wadda a ke kira PCR, wani Ba'amurke Kary Mullis ne ya ƙago ta a 1983, aka ba shi lambar Nobel a kanta a 1993. A kan dafa ruwan har kusan tafasa, wajen digiri 95, tufkar ta warware ta zama sili biyu. Sai a rage zafi, waɗansu gajerun zarurruka guda biyu da aka ƙera da gangan su je su manne a farko da ƙarshen layin da a ke nema, ba su manne wa wani ba. Sa'an nan wani sinadari mai aikin masaƙi ya bi kowane sili ya saƙa masa sabon aboki. Ɗaya ya zama biyu. A sake dafawa, biyu su zama huɗu. Shi masaƙin ma daga jikin wata bakteriya aka samo shi, wadda Thomas Brock ya gano a shekarun 1960 cikin maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Yellowstone a Amurka, shi ya sa dahuwa ba ta kashe shi.

'Yan kasuwa su ne za su fi saurin gane ƙarfin abin. In mutum ya fara da kwabo ɗaya, kullum jarinsa na ninkuwa biyu, a ninki na 10 yana da kwabo 1,024, a na 20 ya wuce miliyan ɗaya, a na 30 yana da 1,073,741,824, watau fiye da naira miliyan 10. Abin da zai ɗauki ɗan kasuwan nan wata guda, injin ya kan gama shi cikin awa biyu ko ƙasa da haka.

To, daga nan hanya ta rabu biyu. In adadi a ke so, sai a sa wani rini mai ba da haske duk sa'ad da aka saƙa sabon zare, injin yana duba hasken a kowane zagaye. Kwalbar da tun farko ta ke da zare da yawa ita za ta riga haskawa. Wadda ta haska a zagaye na 20 ta fi wadda ta haska a na 30 sau wajen 1,000. A gwada da kwalaben da aka san adadin abin da ke cikinsu, sai a ce ƙurar gidan wane tana da Streptomyces kaza a kowane miligiram. In kuwa sunaye a ke so, sai a ninka layin 16S na duk wanda ke ciki, a ba wani inji ya karanta haruffan, kwamfuta ta gwada kowane jeri da babban rajistan da masanan duniya suka tara. Wanda aka samu a rajista a rubuta sunansa, wanda babu a ba shi lamba. Masu lamba kuwa ba kaɗan ba ne.

Akwai wata kwalba da mai aikin kirki ba ya mantawa da ita, wadda ba a sa ƙura a ciki ba sai ruwa, amma a bi da ita duk matakan nan. Dalili kuwa, dabarar da ke mai da ɗaya ya zama miliyan 1,000 ba ta san baƙo da ɗan gida ba. Zaren da ya faɗo daga hannun ma'aikaci, ko wanda ya zo cikin magungunan aikin tun daga kamfani, shi ma ninka shi za ta yi. In kwalbar ruwa ta haska, akawu ya san littafinsa ba daidai ya ke ba.

Danshi ne ko kare?

Mutanen Finlan, can arewacin Turai, suna cikin waɗanda suka fi damuwa da Streptomyces a cikin gida. Ƙasar sanyi ce, mutane na shafe watanni a ɗakuna rufe, in ruwa ya shiga bango ya jiƙa katako, mazauna gidan su kan yi ta tari da ciwon ido. Streptomyces na tsirowa a jiƙaƙƙen bango tare da funfuna, don haka masu duba lafiyar gidaje a can su kan ɗauke shi alamar danshi. Har ma su kan bari sai ƙanƙara ta rufe ƙasa kafin su auna iskar ɗaki, don kada na waje ya ruɗe su. Maganar ba ƙarama ba ce, gama a kan irin wannan awo a ke fasa bango, a ke kwashe yara daga makaranta, mai saye da mai sayar da gida su yi shari'a. A shekarun 2000 masanan lafiya na garin Kuopio, cikinsu har da Helena Rintala da Aino Nevalainen, suka shirya hanyar gano Streptomyces a ƙurar gida da ƙirga shi ta zaren gado, ba sai an jira mako biyu ba.

Sai masanan Jami'ar Sinsinati ta Jihar Ohayo a Amurka suka bi irin wannan hanya suka auna ƙurar daɓen gidaje 178, suka buga abin da suka samu a 2011. Mai karatu zai zaci gidajen da ke yoyo su ne za su zo kan gaba. Ina! Ba su ga wata dangantaka tsakanin yawan Streptomyces da alamun danshi ba. Babban abin da ke nuna gida zai yi yawansa shi ne a ce akwai karnuka biyu ko fiye, sai kuma lokacin shekarar da aka ɗebi ƙurar. Watau a ƙafar kare ya ke shigowa daga waje. Injin bai yi ƙarya ba, ya ƙirga abin da aka ba shi daidai. Sai dai bai san wanda ya tsiro a bango da wanda ya shigo da ƙafa ba, tsagarsu ɗaya. Wanda ya fasa bangonsa saboda takardar awo kaɗai, bai hau ya duba rufi ba, ya yi gaggawa.

A 2015 kuma aka buga wani aiki mai faɗi na Albert Barberán da Noah Fierer da Rob Dunn da abokansu. Mutanen gidaje wajen 1,200 a faɗin Amurka suka shafo ƙurar saman katakon ƙofa, inda tsintsiya ba ta kaiwa, suka aika. Aka tarar gida ɗaya, a matsakaicin lissafi, yana da iri-irin bakteriya fiye da 5,000 da na funfuna wajen 2,000. Funfuna ya kan nuna yankin da gidan ya ke, bakteriya kuwa su nuna wanda ke zaune ciki. Daga ƙura kaɗai sun iya faɗin ko akwai kare a gida, suna dacewa sau 9 cikin 10, har ma ta kan nuna ko maza sun fi yawa ko mata.

'Ya'yan manoma da asma

Inda labarin ya fi daɗi ga manomi shi ne nan. Asma, ciwon nan mai toshe numfashi har a ji ƙirjin yaro na fito, ta yawaita ƙwarai a biranen Turai tun bayan yaƙin duniya na biyu. Amma likitoci suka lura 'ya'yan masu kiwon shanu ba su cika yinta ba. Wani bincike da aka yi a ƙauyukan Ostiriya da Jamus da Suwizalan, aka buga a 2001, ya nuna yaran da a ke shiga da su garke tun ba su cika shekara ba su ne suka fi tsira. A 2011 likitocin birnin Munik na Jamus, Markus Ege da Erika von Mutius da abokansu, suka duba ƙurar katifun yara ta zaren gado, suka ga 'ya'yan manoma na kwana cikin iri-irin bakteriya masu yawa fiye da maƙwabtansu, kuma iyakar yawan iri-irin iyakar ƙarancin asma.

A 2016 aka gwada jama'a biyu na Amurka, Amish na Jihar Indiyana da Hutterite na Dakota ta Kudu. Dukansu manoma ne 'yan asalin Turai, masu yawan 'ya'ya, masu daɗewa suna shayarwa, masu kai yara rigakafi, ba sa ajiye kare a ɗaki. Bambancinsu a noma ya ke. Amish kowane gida da shanunsa da dawakinsa na huɗa, garke dab da ɗaki, yara na shiga suna fita. Hutterite kuwa manyan gonakin haɗin gwiwa gare su na injuna, dabbobi nesa da gidaje. Asma a yaran Amish kashi 5.2 cikin 100 ce, a na Hutterite 21.3. Cikin yara 30 da aka zaɓa daga kowane ɓangare, ba a sami mai asma ko ɗaya a Amish ba, aka sami 6 a ɗaya ɓangaren. Wani abu na ɓawon bakteriya da a ke aunawa ya fi yawa sau 6.8 a ƙurar gidajen Amish. Da aka ɗiga ruwan ƙurar a hancin ɓeraye, ta Amish ta kare su daga alamun asma, ta Hutterite ba ta kare su ba. Abin lura, gidajen Amish ba ƙazamai ba ne, sharewa a ke yi kullum. Kusancin garke ne ya bambanta su.

Sai 2019 Pirkka Kirjavainen da abokan aikinsa na Finlan suka kai maganar inda ta ke a yau. An ɗebi ƙurar daɓen falo a gidajen jarirai wajen 400 sa'ad da su ke wata biyu, aka bi yaran har suka kai shekara 6. Karatun 16S ya nuna ƙurar gidajen manoma cike ta ke da bakteriyan ƙasa da na shanu, ta sauran gidaje kuwa na bakin mutum da fatarsa ne suka fi yawa. Sai suka koma kan gidajen da ba na manoma ba, suka ga iyakar kamar ƙurar gida da ta gidan manomi, iyakar raguwar haɗarin asma ga yaron. Ba yawan bakteriyan ba ne abin dubawa, irinsu ne. Aka sake gwadawa da yaran karkarar Jamus wajen 1,000, aka sami haka. Cikin abubuwan da ke sa ƙurar gida ta yi kama da ta manoma har da yawan yayyen yaro, da shiga ɗaki da takalmin waje. Mutanen Finlan ma, kamar Hausawa, a bakin ƙofa su ke tuɓe takalmi, kuma ba wanda ya ce su bar wannan ladabi. Abin da masanan ke zato shi ne, jikin jariri na koyon bambanta abokin gaba da baƙon arziki tun yana ƙarami, wanda bai saba ganin baƙi ba kuwa shi ne ke tayar da faɗa a kan ƙurar furanni.

Abin da awon ba ya faɗi

Kada wani ya ji wannan ya jingine tsintsiya. Da fari dai, zaren gado ba ya ɓacewa da mutuwar mai shi. Wani bincike na Jami'ar Kolorado a 2016 ya nuna kimanin kashi 40 cikin 100 na zaren da a ke cirowa daga ƙasa na matattu ne. Mai ƙidayar da a dā ke tsallake masu rai, yanzu har maƙabarta ya ke shiga. Akwai wani rini da a ke sawa ya ɗaure zaren matattu kafin a ninka, amma ba kowane mai bincike ke sa shi ba.

Na biyu, tsaga na faɗin dangi, ba ta faɗin hali. Ga misalin da ya shafi manomi kai tsaye. Cikin dangin Bacillus, mazauna ƙasa, akwai 'yan'uwa uku waɗanda layinsu na 16S kusan ɗaya ne. Na farko shi ke kawo ciwon saifa mai kashe shanu farat ɗaya, har ya kama mahauci. Na biyu shi ke lalata dafaffiyar shinkafar da ta kwana, ya sa amai. Na uku kuwa tsutsa ya ke kashewa, kuma daga jikinsa aka ɗauko abin da aka sa wa waken nan SAMPEA 20-T mai jure tsutsar wake, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar a 2019. Takardar da ta ce akwai wannan dangi a ƙurar ɗaki ba ta faɗi wanne daga cikin ukun ba ne, sai an sake wani awo na musamman.

Ƙasa da kashin dabbobi kuma su ne mazaunin ƙwayar sarƙewar haƙora, wadda ke shiga ta rauni ko ta cibiyar jariri in an yanke ta da reza mai datti ko an shafa mata abin da bai kamata ba. Allurar rigakafin mai ciki da tsabtar cibiya suna nan a matsayinsu. Haka nan harawar da aka ɗaure da danshi ta yi zafi ta yi funfuna, wani ɗan'uwan Streptomyces mai son zafi ya kan cika ta, ƙurarta na ɓata huhun mai kwance ta. Tun 1932 wani likita a Ingila ya bayyana wannan ciwo a jikin manoman da suka yi aikin irin wannan ciyawa. Ke nan ƙurar garken da aka ga tana tafiya da lafiyar jariri a Jamus daban, ƙurar ruɓaɓɓiyar harawa da magidanci ke shaƙa a rufaffen ɗaki daban.

Alƙaluman nan duka na gidajen Finlan ne da Jamus da Amurka, inda ƙasa ke shiga ɗaki kaɗan kaɗan a ƙafa. A ƙasar Hausa kuwa akwai watannin da ta sama ta ke zuwa. Hazon hunturu yawancinsa daga wani kwari ya ke tasowa a arewacin Cadi, Bodele, busasshen gindin tsohon babban tafki, wanda masana ke lissafawa wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Tun 1832 Charles Darwin ya tara irin wannan ƙura da ta sauka a jirgin ruwansu kusa da tsibiran Kef Berde, yamma da Sanigal. A 2013 aka buga binciken waɗansu masana da suka ɗebi yashin Cadi da ƙurar da iska ta kai waɗannan tsibirai, suka karanta zarensu, suka kuma shuka su a faranti. Sun sami dangin Bacillus da yawa, da dangogin da ke jure rana da fari. Sun kuma sami Bradyrhizobium, mai zama a saiwar itatuwan ƙaya na bakin hamada. Wannan dangi shi ne dai ke cikin ƙurajen saiwar gyaɗa da wake.